ASALIN HOTON MANO BERTING

Shafi na 14

Masu cika mini waya da saƙo, na gani duka, har da wadda ta ce za ta biyo ni gida. Wuta aka ɗauke mana a unguwa kwana biyu, sai yau da safe ta dawo. Ku gyara zama, ga Doray nan a shagonta inda muka bar ta.

*

"Sau nawa zan faɗa miki, Mana Pacing? Ba zai fita ba."

Doray ta juya fuskar kwamfutar saitin aminiyar tata. Mana da Mano a can kamar a ce yaya ne, ga mace da namiji. Shekara tara tana buga hotuna a kan tamfol a birnin Tacloban, na biki da na mutuwa da na 'yan takara, amma ba ta taɓa haɗuwa da hoton da ya tsaya mata a rai irin wannan ba.

Hoton Mano Berting ne, mijin Mana Pacing, wanda ruwan guguwar Yolanda ya tafi da shi shekara goma sha ɗaya da suka wuce, shi da autansu Ramil. An tsinci gawar yaron a kwana na uku. Ta uban ba a gani ba. Ruwan bai bar musu ko hoto ɗaya a gidan ba. Yanzu da 'yarsu Jovelyn ta ci jarrabawar zama nas, ta kafe a kan tamfol ɗin da za a rataya a ƙofar gida sai da fuskar babanta kusa da tata.

Mana Pacing ta goge hannu da gefen siket ɗinta, don daga kasuwar kifi ta taho kai tsaye.

"To ki ƙara masa girma mana. Ba kwamfuta ba ce?"

"Ga shi na ƙara."

Doray ta danna. Fuskar mutumin ta watse, ta koma 'yan murabba'ai toka-toka kamar an jera tayil. Ido babu, baki babu, hular kansa kaɗai ake iya ganewa.

"Kilobait talatin da takwas ne fa gaba ɗayansa, Mana."

"Ni kilon kifi na sani. Yi mini magana da shi."

"To kifi ɗaya kika kawo mini, ɗan ƙarami kamar yatsa, kika ce in ciyar da 'yan biki."

Jovelyn da ke zaune a kan naɗaɗɗen tamfol ta tuntsire da dariya.

Doray ta ce, "Hoto ɗigo-ɗigo ne aka jera. Wannan ɗigonsa ɗari huɗu da tamanin ne a kwance, ku kuma tamfol mai ƙafa shida kuke so. Duk sanda aka tura hoto ta Mesinja sai ta matse shi don ya yi saurin tafiya, abin da ta matse ta zubar kuma ya tafi ke nan. Wannan kuwa an matse shi, an ɗauko shi daga fuskar waya, an sake matsewa. Me ya rage?"

"Ninang, nuna mata na jiya," in ji Jovelyn. Haka take kiran Doray, don ita ta riƙe ta ranar baftisma.

"Kar ki tuna mini."

Jiya Doray ta gwada manhajar nan mai gyara fuska da kanta. Manhajar ba ta ga abin gyarawa ba, sai ta ƙago. Ta ba mutumin haƙora reras da hanci zuwat.

Mana Pacing ta taɓe baki.

"Na gani ai. Berting ɗina haƙorinsa na gaba a karye yake, tun muna saurayi da budurwa ya ɓare shi wajen buɗe kwalba. Wancan kyakkyawan ban san ɗan gidan wa ba ne."

"Shi ya sa nake neman asalin hoton. Wanda waya ta ɗauka, kafin kowa ya taɓa shi."

"Ai Tiya Sabel ta ce tana hanya," in ji Jovelyn.

Sabel ƙanwar Mano Berting ce, a garin Palo da ke kusa take aure. Ita ta turo hoton sati biyu da suka wuce, baƙi da fari, ta ce a tsohon album na wasu dangi ta gan shi ta ɗauka da wayarta. Sau uku Doray tana ce mata ta turo shi a matsayin fayil, ba a matsayin hoto ba, sau uku tana sake turo wannan ɗan mitsitsin. Da Doray ta gaji sai ta ce ta zo da wayar da ƙafarta.

Ba a jima ba ƙofar gilashin ta buɗe.

Sabel ta shigo da lema a naɗe, tana zufa kamar wadda ta yi gudu. Ta gaida Mana Pacing ba tare da ta kalle ta ba. Jovelyn ta tashi ta kama hannunta ta kai goshi, irin gaisuwarsu ga manya.

"Allah ya yi miki albarka, Iday. Nas guda!" Iday suke ce wa Jovelyn a gida.

Doray ta miƙa hannu.

"Kawo wayar."

"Doray, ni fa ban ga amfanin wannan wahalar ba. Wanda na turo ai shi ne."

"Ba shi ba ne, jikansa ne. Kawo."

"Ba za ki yi mini bincike a waya ba dai?"

"Me zan gani? Hotunan jikokinki da na kajinki? Minti biyu."

Sabel ta ba da wayar kamar ana ɓamɓarar ta daga hannunta. Doray ta jona igiya, ta juyo da kwamfutar saitin kanta don ta ji daɗin aiki, ta shiga inda kyamara ke ajiye hotuna. Ta wuce na kaji, ta wuce na coci, ta wuce na wani kek da aka ɗauka sau goma sha biyu.

Sai ga shi. Har guda biyu, a jere.

Na farko baƙi da fari, wanda ta sani. Na biyu kuma mai kala. Mutum ɗaya, zama ɗaya, hula ɗaya. Wayar dai ta ajiye na asalin a lokacin da aka cire wa ɗayan kala.

Megabait biyar da ɗigo biyu. Ɗigo dubu huɗu a kwance.

"Yauwa!" Doray ta tafa hannu. "Wannan ko bangon kasuwa zan iya..."



Sunan fayil ɗin ta gani. IMG_20230319.

Ta ce a ranta, to ai ranar da Sabel ta ɗauko shi daga album ke nan. Ta buɗe hoton ya cika fuskar kwamfutar.

Babu gefen takarda. Babu ƙyallin leda irin na album, babu dishi-dishin hoton da aka ɗauka daga hoto. Komai tar. Mutum ne zaune a bakin kwalekwale yana ɗinkin raga, rana na dukan kafaɗarsa, har ɓawon kifin da ya manne a yatsansa ana gani.

Ta matso da fuskar. Ga karyayyen haƙorin nan. Ga furfura a ƙasan hula, fara sol, har cikin gemu.

Mano Berting da ta sani shekararsa talatin da shida, gashinsa baƙi wuluk.



Akwai wani baƙin tabo a damtsensa na hagu. A ƙaramin hoton ta ɗauka datti ne, har ta yi niyyar gogewa. Ta matso da wurin. Ta karanta. Ta saki linzamin kwamfutar.

"Ninang, ya yi?" in ji Jovelyn.

"Bari dai. Yana buɗewa. Sabel, zo ki nuna mini wani abu."

Sabel ta zagayo bayan teburin. Kallo ɗaya ta yi wa kwamfutar, ta sunkuyo kusa da Doray.

"Na cire masa kala fa," ta faɗa can ƙasa. "Ya aka yi..."

"Waya ba ta yar da na asali."

"Doray, don Allah. Ki mai da shi baƙi da fari. Ki goge hannun, ki ɗan rina gashin. Ai kin iya."

"Na iya."

"To ki rufa mini asiri."

Doray ta kalli Mana Pacing. Tana can zaune tana fifita da kwalin takarda, tana yi wa Jovelyn faɗan ta zauna a kan kayan mutane. Da Doray za ta yi shiru, zuwa azahar tamfol ya fito, kowa ya yi murna, a rataya a ci abinci a watse. Ta san haka. Ta kuma san duk ranar takwas ga Nuwamba, ranar guguwar, ita ce take raka matar nan bakin teku su kunna kyandir biyu.

Ta ce a hankali, "Na goge wa amare ƙuraje, na rage wa kansila tumbi. Wannan ba zan goge ba."

"Ya sa na rantse masa."

"Ni bai sa ni ba. Ko ki faɗa da bakinki, ko in juya kwamfutar."

"Wai ƙus-ƙus ɗin me kuke yi ne?" Mana Pacing ta daina fifita. "Hoton ne bai yi ba?"

Sabel ta kau da kai.

"Doray?"

"Hoton ya yi, Mana. Ya yi har ya wuce."

"To in gani mana."

Doray ta kalli Sabel. Sabel ta rufe fuska da hannu biyu. Sai Doray ta juya kwamfutar.

Mana Pacing ta miƙe. Ta matso, ta matso, har hancinta ya kusa taɓa gilashin.

"Allah sarki. Ga haƙorin nan." Ta yi 'yar dariya, hawaye na taruwa. "Iday, zo ki ga Tatay ɗinki. Shi ne wannan, shi ne sak. Amma... yaushe ya yi furfura haka? Ko hasken rana ne?"

Jovelyn ta zo ta tsaya a bayanta. Ita ta fara ganin damtsen.

"Nanay, mene ne wannan a hannunsa?"

"Babu komai a hannunsa. Mutumin da ko allurar asibiti sai an danne shi, ina zai yi zane a jiki?"

Doray ta matso da wurin, haruffan suka fito ɗaya bayan ɗaya, baƙi a kan fata.

RAMIL. 11-8-13.

Wata kafin rana, yadda suke rubutawa: takwas ga Nuwamba, ranar guguwar.

Mana Pacing ta karanta da leɓe. Ta sake karantawa. Ta juyo a hankali.

"Doray, ni ban yi karatu mai nisa ba. Mutumin da ya mutu ranar, ya za a yi ya rubuta ranar a hannunsa?"

"Hoton bara aka ɗauke shi, Mana. Watan Maris, sha tara ga wata. Yana rubuce a jikin fayil ɗin, har da ƙarfe nawa."

Jovelyn ta dafe teburi.

"Tiya?"

Sabel ta zube a ƙasa kan gwiwoyinta.

"Mana, ki yafe mini."

"Tashi. Ba coci kike ba. Tashi ki kalle ni."

"Yana da rai, Mana. Yana tsibirin Masbate. Raga yake ɗinka wa masunta."

"Tun yaushe kika sani?"

"Bara. Na rantse bara ne. Wani maƙwabcinmu ya je sarin busasshen kifi ya dawo ya ce ya ga mai kama da shi. Na hau jirgin ruwa na je. Ni na ɗauki hoton, bai ma san na ɗauka ba."

"Shekara guda da wata tara." Muryar Mana Pacing ta fara hawa. "Kina zuwa gidana. Kina cin shinkafata. Watan jiya ke kika riƙe mini lema a bakin teku ina kunna masa kyandir!"

"Mana..."

"Ina sayen furanni ina watsa wa teku, shi yana can yana cin kifi a Masbate! Na sa an yi masa addu'ar matattu sau goma sha ɗaya! Yarinyar nan ta yi karatu da fitilar waya, ta gama firamare ba uba, ta gama sakandare ba uba. Mace ya samu? Faɗa mini. Wata ce?"

"Babu kowa. Ɗaki ɗaya ne na gora, daga shi sai tabarma."

"To me na yi masa?"

Sabel ta share majina da bayan hannu.

"Ruwan ya jefa shi can wajen Basey. Masu ceto suka kwashe shi zuwa Cebu, ƙafa a karye, sati biyar yana kwance. Da ya tashi ya dawo, Mana. Ya dawo Tacloban kafin Kirsimeti. Ya ga sunan Ramil a allon waɗanda aka binne. Ya gan ki a layin karɓar shinkafa, kina riƙe da hannun Jovelyn."

"Ya gan ni?"

"Ya ce tsakaninku bai fi faɗin titi ba."

"Ya gan ni ya juya?"

"Ya ce da ruwa ya shigo, ke kika miƙa masa yaron. Kika ce, Berting, kar ka sake shi. Ya ce ya riƙe, ya riƙe, har wani katako ya doke shi a kafaɗa. Da ya ɗago hannunsa babu komai. Ya ce da wane ido zai kalle ki? Gara ki yi kukan miji da ya mutu da ɗansa, da ki zauna da wanda ya sake shi."

Mana Pacing ta yi baya. Doray ta yi sauri ta turo mata kujera, ta zauna da ƙarfi.

Mana Pacing ta kalli hoton. Da ta buɗe baki kuma muryar ta sauka.

"Wawa. Wawan Allah."

"Nanay..."

"Ke ba ki sani ba, Iday, kina ƙarama. Kwana biyu kafin guguwar yana ta fama da ni mu tafi makaranta inda aka ce a taru. Ni na ƙi. Na ce ba zan bar alade biyu da sabon firij ɓarayi su kwashe ba. Ni na ce mu zauna." Ta bugi ƙirjinta. "Shekara goma sha ɗaya ina kwana ina tashi da cewa ni na kashe su su biyu saboda firij. Ashe shi ma yana can yana cewa shi ne."

Doray ta ji hawaye sun zubo mata. Duk shekarun nan tana tare da matar, ba ta taɓa jin maganar firij ba sai yau.

Jovelyn ta durƙusa gaban kwamfutar. Ta kai yatsa ta taɓa furfurar, ta bar shaidar yatsa a gilashin. Doray da ba ta yarda kowa ya taɓa mata gilashi ta ƙyale ta.

"Tatay yana da rai." Ta juyo tana dariya tana kuka. "Ninang, yana da rai! Ya rame. Dubi wuyansa. Tiya, yana cin abinci kuwa? Ƙafar ta ɗoru daidai? Wa ya duba masa ita?"

"Yana ɗan ɗingishi."

"Ai na sani, ba a yi masa gashi ba. Zan duba ta da kaina." Ta share fuska. "Ninang, ki buga shi."

"A haka?"

"A haka. Da kalarsa, da furfurar, da rubutun. Kar ki gyara komai."

"Ko ɗigo ɗaya ba zan taɓa ba, Iday. Amma sai Nanay ɗinki ta ce."

Mana Pacing ba ta kalle su ba. Sabel take kallo.

"Ke kuma da kika rantse za ki ɓoye, me ya kai ki turo hoton?"

"Yarinya ta kira ni tana kuka, wai ta manta kamannin ubanta. Ga shi a wayata. In ce babu?" Sabel ta sunkuyar da kai. "Na cire masa kala, na ƙanƙance shi yadda ba za a gane ba. Amma da Doray ta ce in kawo wayar, da na so ai sai in goge na asalin a hanya. Na buɗe shi sau biyu a cikin keke. Na kasa. Na gaji, Mana. Ni ma na gaji."

Mana Pacing ta ja dogon numfashi. Ta miƙa hannu.

"Ba ni lambarsa."

Sabel ba ta motsa ba.

"Sabel, kar ki ƙure ni. Yana da waya ko ba shi da ita?"

"Yana da ita."

"To?"

"Ba sai kin kira Masbate ba."

"Ban gane ba."

"Ranar da labarin sakamako ya kai masa, ya sa an duba masa jerin sunaye. Da aka kai kan Abellar, Jovelyn, ya ajiye ragar da ke hannunsa ya nufi tashar jirgi. Kwanansa huɗu ke nan a gidana. Kullum sai ya yi wanka ya sa riga ya ce yau zai zo, in ya kai bakin ƙofa sai ya koma ya zauna."

Jovelyn ta miƙe tsaye zumbur.

"Yana Palo? Yanzu haka?"

Sabel ta girgiza kai. Ta ɗaga hannu a hankali ta nuna ƙofar gilashin.

"Tare muka taho. Ya ce shi dai ko ta gilashi ya hango ku."

Su uku suka juya lokaci ɗaya.

A ƙetaren titi, gefen shagon mai burodi, wani siririn mutum na tsaye da farar riga da aka goge har ta yi kari. Da ya ga sun juyo sai ya yi kamar zai ja baya. Bai ja ba. Ya kai hannu ya cire hularsa, ya riƙe ta a ƙirji da hannu biyu.

"Tatay," in ji Jovelyn, da wata 'yar murya. Ta yunƙura za ta fita.

Mana Pacing ta tare ta da hannu.

"Tsaya nan."

"Nanay, don Allah..."

"Na ce ki tsaya. Ni zan fara."

Ta miƙe. Ta gyara gashinta, ta share fuska da gefen riga. Doray ta kama mata gwiwar hannu.

"Mana, me za ki yi?"

"Ni ma ban sani ba tukuna."

Ta taka har bakin ƙofa ta tsaya, tana kallonsa yana kallonta, kekuna na wucewa a tsakaninsu.

Sai ta sunkuya, ta zare silifas ɗinta na dama ta riƙe gam a hannu, ta tura ƙofar.